Sassaƙe a Gindin Maɗaci

Malamin Daji, ma'aikacin gwamnati mai kula da itatuwan yankin, shi ne ya fara gani. Yana zagayensa na safe a bakin kogi sai ya lura an tara sabuwar ƙasa a gindin itatuwan maɗacin da ke jere tsakanin ruwa da katangar kamfanin bulo, an daddanna ta da hannu. Ya sa takalmi ya ture ta gindin guda, sai ga farin jikin itace a fili: an sassaƙe ɓawon, an zagaye gindin da wuƙa. Ya duba na biyu, haka. Na uku, haka. Bai kai ƙarshen layin ba ya nemi wuri ya zauna. Duk wanda ya san itace ya san maɗacin da aka yi wa irin wannan zobe zai ci gaba da tsayuwa da ganyensa kamar lafiya lau, kafin shekara ta zagayo ya bushe a tsaye.

Wannan yanki na bakin kogi alluna biyu ne a kafe a kansa, kuma duka na gwamnatin jiha ne. Na ma'aikatar muhalli ya ce wuri ne keɓaɓɓe, wanda ya taɓa itace ɗaya zai kwana a gidan yari. Taku kaɗan daga nan, na ma'aikatar masana'antu ya ce an ware filin don faɗaɗa kamfani da sama wa matasa aikin yi. Da aka tambayi manya yaya za a yi da baki biyu a kai ɗaya, sai suka fito da dabara irin tasu: muddin itatuwan na raye, filin na muhalli ne, ranar da suka mutu don kansu, ya zama na masana'antu. Suka yi wa juna tafi, aka ɗauki hoto, kowa ya shiga motarsa.

Kafin azahar mutanen unguwa sun gama shari'a. Mai Gawayi ne. Baƙo ne, ba a san asalinsa ba, bukkarsa na can ƙarshen gari, kuma sana'arsa ƙona itace. Me ake jira? Ciyaman na ƙungiyar unguwa da kansa ya ja gaba aka kamo shi aka miƙa wa Sufeton 'yan sanda. Sufeto ya ce ranar Alhamis jami'ai za su zo daga hedikwata, in ba a sami wani ba, shi za a kai kotu.

Malamin Daji bai gamsu ba. Ya aika a kira masa Mai Sawu.

* * *

Mai Sawu mutum ne siriri, marar son magana, wanda kullum idonsa ke ƙasa, har matan unguwa ke tsokanarsa wai allurar kakarsa ce ta ɓace yake nema. Ya yi shekaru yana bin sawun ɓarayin dabbobi da masu saran daji, kuma ba a taɓa jin ya ɗora wa wani laifin da ba nasa ba. Itatuwan nan ba baƙinsa ba ne. Wansa, wanda gari ke kira Mai Dashe, shi ya dasa su lokacin yana aiki a gandun renon itatuwa na gwamnati, bayan wata ambaliya da ta cinye gidajen gangare. Tun da suka kama ƙasa, kogi bai sake shigowa ɗakin kowa ba. An ce da tsohon ya ji labarin sassaƙen, ko fitowa bai iya yi ba.

Da Mai Sawu ya iso ya tsaya daga nesa yana kallon ƙasa, ransa ya ɓaci.

"Malam, wa ya bar gari ya shigo nan?"

Malamin Daji ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, amma kafin ya dawo daga kiran 'yan sanda ya tarar da wurin ya cika, maza da mata, har da masu sanda. Mai Sawu ya bi layin daga farko zuwa ƙarshe. Ya sha ganin 'yan kallo, ya san halinsu: inda abin ya fi muni nan suke cunkushewa, sauran wuri su bar shi. Waɗannan kuwa babu gindin da ba su zagaya ba, kuma jan ƙafa suka yi ta yi, ba taku ba. Ya riƙe abin a ransa.

Abin da ya tsira kaɗan ne. Akwai sawun jaki da ya ratsa ta gefen katanga. Akwai sawun takalmin roba irin na ma'aikatan kamfani. A gindin itacen ƙarshe kuma, inda ƙaya ta hana jama'a matsowa, akwai shatar buhu da aka ninke aka durƙusa a kai, da wani ɗan rami a gefe inda aka dafa wani abu aka miƙe.

* * *

A ofishin 'yan sanda, a bayan kanta, ya sami Mai Gawayi zaune a ƙasa, leɓensa a kumbure. Mutumin bai yi rantse-rantse ba. Ya ce jakin nasa ne, ta nan yake bi ya ɗebo ruwa, kowa ya sani. Ya ce shi busasshen itace yake saye daga masu gona, da takardar izini, kuma ko da ɓarawon itace ne shi, wane wawa ne zai kashe itace yau ya zauna jiran bushewarsa baɗi a gaban idon hukuma?

Mai Sawu ya ce ya nuna masa kayan aikinsa. Sufeto ya fito da su daga lungu: gatari, adda, da wata wuƙa mai giɓi wadda ko igiya sai an yi da gaske take yankawa. Yankan da ke jikin itatuwan kuwa sumul yake, a karkace, hannu ɗaya.

"Ni ba kaina nake ji ba," in ji Mai Gawayi. "Matata da yara uku na can su kaɗai. Ba ta san kowa a garin nan ba. Don Allah, Malam, in ka gano gaskiya kada ka bari ta kwana."

Mai Sawu ya ce in Allah ya yarda ba za ta kwana ba. Da zuciya ɗaya ya faɗa.

* * *

Daga nan ya nufi kasuwa wurin Mai Magani, wata dattijuwa da ke sayar da sassaƙe da saiwoyi, don ɓawon maɗaci kaya ne a wurinta. Tun kafin ya gama sallama ta tare shi.

"Na san za ka zo. In akuya ta ɓata a nemi mahauci, in itace ya ji ciwo a nemi tsohuwa. Zauna, ɗana, ka bincika buhunan, amma ka mayar da komai yadda ka same shi."

Ya bincika. Ɓawon da ke wurinta tsoho ne, ya bushe ƙamas. Ta ce ita tun tana yarinya aka koya mata a ɗebi ɓawo daga sama, ta gefe ɗaya, gwargwadon tafin hannu, don gobe ma a dawo a samu. Kuma da mai neman magani ne, ai da ya kwashe ɓawon ya tafi da shi. Nan ta fi shi gaskiya, don ɓawon na nan a binne cikin ƙasar da aka tara. Da ya tambaye ta ko ta ji wani abu a bakin mutane, sai tsohuwar da ba ta gajiya da surutu ta shiga gyara ƙullin kayanta. Ta ce kunnenta ya yi nauyi kwanan nan.

Manajan kamfanin bulo bai ɓoye komai ba. Ya ce yana son filin, ƙarya ne ya ce ba ya so, don yumɓun da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina. Sai ya ja Mai Sawu zuwa taga ya nuna masa bakin ƙofa. Samari ne zaune a jere a jikin katanga, wasu da takardun makaranta a leda.

"Kullum haka nake tarar da su. In ɗauki biyar in sallami sauran. In aka ba ni filin can zan buɗe murhu biyu, in kwashe su duka. Na rubuta wa gwamnati na ce a ba ni rabi, in dasa ninkinsa a wani wuri. Muhalli suka ce in tambayi masana'antu, masana'antu suka ce in tambayi muhalli. Amma ban aiki kowa da wuƙa ba. Yanzu ma ni abin ya fi cuta, don tunda an gane kashe su aka yi, ko sun mutu ba za a ba ni ba."

Batun takalmin roba kuwa dariya ya yi. Ya ce duk shekara yake rabawa, ma'aikata kuma su ba iyayensu da ƙannensu, yanzu rabin unguwa da shi suke zuwa gona. Mai Sawu ya fito ta gaban samarin nan. A cikinsu ya ga ɗan autan wansa, wanda yayyensa biyu suka riga suka bar gari neman aiki. Yaron ya gaishe shi, bai yarda sun haɗa ido ba.

* * *

Ranar Talata da sassafe ya koma bakin kogi shi kaɗai. Tunda ƙafafun gari sun cinye ƙasa, sai ya ce bari ya tambayi itacen. Ya durƙusa a gindin na ƙarshe, ya shiga kwashe ƙasar da hannu yana zagayawa. Ta ɓangaren katanga, farin itace. Ta gefe, farin itace. Da ya zo ɓangaren da ke fuskantar ruwa, inda mai wucewa ba ya gani, sai yatsunsa suka ci karo da wani abu mai tauri da aka shafe da laka. Ya kankare a hankali. Ɓawo ne, lafiyayye, faɗinsa ya kai tafin hannu, ya haɗa sama da ƙasa. Zoben bai rufe ba.

Ya tashi ya je na gaba. Haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi, babu wanda aka gama kashewa. Kowanne an bar masa hanyar da zai sha, an kuma lulluɓe bakin yankan da laka don kada rana da ƙwari su shiga.

Ya murza lakar a hannu ya sansana. Yumɓu ne da kashin shanu da toka. Ya san wannan haɗin tun bai kai ya ɗauki bokiti cike ba, don shi yake kwaɓa shi a gandun reno, yana riƙe da kwano yana bin wansa, duk itacen da akuya ta gwaguya ko iska ta tsage a shafa masa. Mutum ɗaya ne a garin nan zai yanki itace sannan hannunsa ya kasa tafiya bai ɗaure masa ciwon ba. Kuma mutumin nan gwiwarsa ta lalace, ba ya durƙuso sai a kan buhu, ba ya miƙewa sai ya dafa sanda.

Mai Sawu ya mayar da lakar yadda take, ya tura ƙasa ya rufe. Ya daɗe a wurin yana wanke hannu a kogi.

* * *

Wannan wan nasa shi ne ubansa a aikace. Mahaifinsu ya rasu Mai Sawu na rarrafe, Yaya ne ya ɗauke shi, ya ciyar da shi, ya yi masa aure. Matar Yaya kuwa Umma yake ce mata, don ita ta goya shi. Har yau, da furfurarsa, ba ya zama a kujera in Yaya na ɗakin.

Ya tarar da tsohon a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, yana cika ledojin reno da ƙasa, aikin da bai daina ba ko bayan ritaya. Umma ta kawo shayi tana faɗan cewa Auta, kamar yadda suke kiran Mai Sawu a gidan, ya rame, wai matarsa ba ta ba shi abinci ko kuwa bin sawun ne ya hana shi zama? Ya yi murmushin dole. Suka yi maganar zafi, da tsadar taki, da ɗan Yaya na tsakiya da ya kwana biyu bai kira ba. A jikin bango ga sanda a jingine, ga buhu a ninke, ga kwano da busasshiyar laka a bakinsa. Ba a ko yi ƙoƙarin ɓoye su ba, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Da Umma ta shiga ɗaki, Yaya ya ce, bai ɗago ba, "Ka je bakin kogi?"

"Na je, Yaya."

"Ka duba da kyau?"

"Na duba."

Tsohon ya ɗauki wata leda ya buɗe bakinta. Yana zubawa ƙasar na zubewa gefe. Mai Sawu ya jira ko zai ƙara wani abu, shi ma tsohon yana jiran a tambaye shi. Tambayar na bakin Mai Sawu, amma yaya za a yi ya dubi mutumin da ya share masa majina ya ce kai ne? Kunya ta danne shi kamar shi ya yi laifin. Ya shanye shayin ya yi sallama.

A hanya ya wuce ta gaban ofishin 'yan sanda. Ya rage tafiya, ya tuna alkawarin da ya yi, sannan ya ce wa kansa ai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Akwai sauran lokaci kafin Alhamis, wataƙila Yaya ya kai kansa. Ya wuce gida.

* * *

Ranar Laraba ya gaya wa Malamin Daji akwai wani sawu da yake son dubawa a tsallaken kogi. Babu wani sawu. Ya haye ne don kada a tambaye shi, ya yini yana zagaya gonakin mutane da kansa a sunkuye, masu noma na cewa Allah ya ba da sa'a, yana amsawa.

Wajen la'asar ya hango hayaƙi daga ƙarshen gari. Da farko ya ɗauka murhun gawayi ne, sai ya tuna mai murhun na kulle. Kafin ya sami kwalekwale ya hayo, an gama. Samarin unguwa ne suka je wai su nuna fushinsu a kan itatuwa. Sun rushe murhun, sun cinna wa bukkar wuta, jakin ya tsinke ya shiga daji. Matar ta kwashi yaranta da abin da hannunta ya iya ɗauka ta fita titi, wata babbar mota ta tsaya ta ɗauke su. Babu wanda ya tambayi inda motar za ta.

Mai Sawu ya tsaya a kan tokar. Sawun takalman roba ne ko'ina, da ƙananan sawun yara marasa takalmi da suka nufi kwalta a guje. Wannan karon babu wanda ya ja ƙafa ya goge.

* * *

Ranar Alhamis aka taru a ɗakin taro na ofishin daji. Jami'ai biyu sun zo daga hedikwata, ɗaya na muhalli ɗaya na masana'antu, kowanne da motarsa, suka zauna a tebur ɗaya suna kallon gaba. An kawo Mai Gawayi da ankwa. Ga Manaja, ga Mai Magani, ga Ciyaman a layin gaba da babbar riga, jama'a sun cika har taga. Can baya, kusa da ƙofa, Mai Dashe na zaune da sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Mai Sawu ya miƙe ya yi bayani a taƙaice. Ya ce jakin hanyarsa ce ta ɗiban ruwa, kuma babu wuƙar Mai Gawayi da za ta yi wannan yanka. Ya ce ba mai neman magani ba ne, tunda an bar ɓawon. Ya ce kamfani ba ya cin ribar itacen da aka san kashe shi aka yi. Wanda ya yi aikin ya so ne a ga kamar sun mutu don kansu, shi ya sa ya yi yankan a ƙasa ya rufe. Sannan ya ce akwai abin da ba a gani ba, don kowa ta gefen hanya ya duba. A kowane itace, ta ɓangaren ruwa, an bar ɓawo tafin hannu ba a yanke ba, an kuma shafe ciwon da magani.

Jami'in muhalli ya tambayi Malamin Daji me hakan ke nufi. Malamin Daji, wanda shi ma yanzu yake ji, ya ce in haka ne, kuma aka kula da su, mafi yawansu za su rayu.

"Wato ba za su mutu ba?"

Ciyaman ne. Maganar ta fita kafin ya kama ta, kuma ba da muryar mai murna ta fita ba. Ya ma riga ya juya yana harare-hararen bayan ɗaki. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Sufeto ya ce Mai Sawu ya faɗi sunan mutumin. Mai Sawu ya buɗe baki ya ce mutum ne mai ciwon gwiwa, wanda ya san itace, wanda ya... bai ƙarasa ba. Ya dubi ƙasa, inda ya saba samun amsa, babu komai sai siminti.

"Ya isa, Auta. Zauna."

Tsohon ya dafa sanda ya miƙe. Ya ce shi ne. Ya ce an zo gidansa, ba sau ɗaya ba, an ce masa 'ya'yan unguwa na ƙarewa a hanya, nasa biyu sun tafi, na uku na haɗa jaka, kuma shi kaɗai ya san yadda ake kashe itace ba a gane ba. Shi ya dasa, shi ya kamata ya cire. Ya ce ya auna ambaliyar da ta wuce da yunwar da ke gabansa, ya amsa musu da to.

"Da na durƙusa a gaban na farko na sa wuƙa, na zagayo, saura kaɗan, hannuna ya ƙi. Na ce bari in bar wannan, na gaba zan gama. Haka har na ƙarshe. Gwamnati ta ba ni amana na ci. Mutanena sun ba ni aiki na ha'ince su. Aka kama bawan Allah nan ina zaune ina cika leda. Ko ta ina aka auna ni ban cika ba."

Sufeto ya tambaye shi su wa suka zo gidan nasa. Tsohon ya ce shi kaɗai ya riƙe wuƙar. Amma ya ɗaga kai ya bi ɗakin da kallo, layi layi, kuma duk inda idonsa ya sauka sai kai ya sunkuya. Mai Magani ta ja gyale ta rufe fuska. Na bakin taga suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka ja ƙafa a gindin itatuwa, da waɗanda suka san dalilin jan ƙafar suka yi shiru, da waɗanda suka aika 'ya'yansu da ashana don ƙaryar ta zauna, duk suna nan, kuma kowa ya san na kusa da shi ya sani.

Jami'an biyu suka yi ƙus-ƙus, karo na farko da aka ga sun yi wa juna magana, suka ce za a kafa kwamiti. Aka cire ankwa daga hannun Mai Gawayi. Sufeto ya riƙe ta yana jujjuyawa, ya dubi tsohon, sai ya sa ta a aljihu ya ce Baba ya biyo shi kawai. Da suka zo wucewa, Mai Sawu ya miƙe tsaye kamar yadda ya saba. Yaya bai dube shi ba, shi ma bai iya ɗagowa ba.

* * *

A bakin ofishin 'yan sanda aka miƙa wa Mai Gawayi hularsa da takalmansa. A nan ne Malamin Daji ya gaya masa abin da ya sami gidansa, don an rasa mai gaya masa tun jiya. Ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Sai ya juyo wurin Mai Sawu, wanda ke tsaye a gefe.

"Malam, na gode. Ka fitar da ni." Ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya. "Yaushe ka gano?"

Da a ce Mai Sawu ya ce yau da safe, da babu mai ƙaryata shi a duniya.

"Talata," ya ce.

"Wutar fa?"

"Laraba."

Mai Gawayi ya gyaɗa kai a hankali. Bai zage shi ba, bai yi Allah ya isa ba, kuma da ya yi da Mai Sawu ya fi samun sauƙi. Ya sa ɗaya takalmin.

"An ce babu abin da ke taka ƙasa ya ɓace maka. Motar da ta ɗauke su, za ka iya bin ta?"

"Kwalta ba ta riƙe sawu."

"To," in ji Mai Gawayi.

Ya kama hanyar tasha, ya ce zai tambayi direbobi ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda ya ga mace da yara uku. Mai Sawu ya tsaya kaɗan, sannan ya bi bayansa, ya bar 'yar tazara a tsakaninsu. Mutumin ya ji takunsa. Bai juyo ba, bai kuma ce masa ya koma ba.